Kaza mai shuɗin ƙwai: tsantsar jinsi kake saya ko ruwa-biyu?

Wanda ya fara ganin hoton kwando mai cike da ƙwai shuɗi da kore da ruwan zaitun, da wani mai duhu kamar an tsoma shi a koko, yakan ɗauka rini aka yi. Ba rini ba ne, haka kajin suka saka abinsu. Daga nan sha'awa ke tashi, mutum ya shiga cigiyar inda zai samu irin, sai ya ci karo da sunaye huɗu ko biyar masu kama da juna: Araucana, Ameraucana, Americana, Easter Egger, Olive Egger. Farashinsu ya sha bamban, amma hotunan ƴan tsakin kusan ɗaya ne. A nan ake yin kuskuren da ke cin kuɗi, domin biyu daga cikin sunayen nan na jinsi ne da aka tantance, biyu na ruwa-biyu ne, ɗaya kuma dabarar kasuwa ce kawai.

Gardamar ta fi zafi a Amurka, inda Easter Egger ta cika gidajen masu ƙaramin kiwo. Sunan ya samo asali ne daga al'adar rina ƙwai kala-kala a bikin Ista. Masu ita suna sonta ƙwarai, kuma ransu kan ɓaci in aka ce musu ba jinsi ba ce. Masu kiwon tsantsar Ameraucana kuwa haushinsu shi ne ana sayar da ruwa-biyu da sunan kazar da suka shafe shekaru suna tacewa. Ni dai ra'ayina a fili yake: Easter Egger ba jinsi ba ce, kuma wannan bai rage mata komai ba a wurin mai neman ƙwai. Inda abin ke zama matsala shi ne wurin mai neman iri.

Me ake nufi da jinsi a harkar kaji?

Kaza ba kamar doki ba ce ko karen Turawa da ake rubuta wa takardar salsala. Babu mai riƙe da littafin iyaye da kakannin kowace kaza. Abin da ake dubawa biyu ne: akwai rubutacciyar siffa da aka amince da ita, sannan in an haɗa zakara da kaza masu wannan siffar, ƴaƴansu da jikokinsu su fito da ita. A Amurka ƙungiyar American Poultry Association ce ke riƙe da wannan ma'auni. An kafa ta a 1873, ta fitar da kundin siffofinta na farko a 1874. A Birtaniya kuwa Poultry Club of Great Britain ce, wadda aka kafa a 1877. Kafin ƙungiyar Amurkan ta karɓi sabon jinsi sai aƙalla masu kiwo biyar sun shaida cewa sun yi shekara biyar suna kiwonsa yana maimaita kansa, sannan a kawo kajin wurin baje koli alƙalai su duba.

To ɗora Easter Egger a kan wannan sikeli. Ba ta da launin gashi tsayayye. Wata tana da gemu, wata babu. Ƙafar wata kore-kore ce, ta wata rawaya. Ƙwan ma da aka san ta da shi ba tabbas: ƴan tsaki goma daga gida ɗaya, wata ta saka shuɗi, wata kore, wata ruwan hoda, wata kuma ruwan ƙasa irin wanda ke cike da kiret a kowace kasuwa. Abin da ya haɗa su shi ne a cikin zuriyarsu akwai mai ɗauke da gadon shuɗin ƙwai. Suna ne na taro, kamar yadda muke cewa kajin gida mu haɗa baƙa da fara da wake-wake da durgu a baki ɗaya.

Inda shuɗin ya fito

Sai ka fahimci wannan kafin ka iya ciniki da idonka a buɗe. Ɓawon ƙwai iri biyu ne a asali, fari ko shuɗi. Shuɗin wani sinadari ne da ake kira biliverdin, dangin abin da ke ba matsarmama launinta, kuma yana shiga ɓawon tun ana gina shi, shi ya sa in ka fasa shuɗin ƙwai ka ɓare fatar ciki za ka ga cikin ma shuɗi ne. Ruwan ƙasa kuwa shafe ne da ake yi daga waje a ƙarshen tafiyar ƙwan cikin kaza, shi ya sa cikin ɓawon ƙwan gidan gona fari ne fat. In shafen ruwan ƙasa ya hau kan shuɗin ɓawo sai a samu kore. In shafen ya yi kauri sosai sai a samu ruwan zaitun. Sirrin kwandon nan ke nan gaba ɗaya.

Ƙwayar gadon shuɗin mai rinjaye ce, wato ko daga ɓangare ɗaya kaza ta gaje ta, shuɗin zai bayyana a ƙwanta. Reginald Punnett na jami'ar Kambirij ne ya bayyana haka a 1933. A 2013 masu bincike suka gano musabbabin: wata tsohuwar ƙwayar cuta ce ta maƙale a cikin ƙwayoyin halittar kaza kusa da wani gurbi da ake kira SLCO1B3, ta sa mahaifar ƙwai tana zuba biliverdin a ɓawo. Abin mamaki, hakan ya faru sau biyu a wurare biyu da ba su san juna ba, a kajin ƴan ƙabilar Mapuche na ƙasar Chile, da kuma kajin Dongxiang da Lushi na ƙasar Sin. Kada kalmar ƙwayar cuta ta tsorata ka, ba ta cutar da kaza ko mai cin ƙwan.

Rinjayen nan shi ne alheri, shi ne kuma tarko. Kaza mai gadon ta ɓangare biyu da mai gadon ta ɓangare ɗaya duk shuɗi za su saka, ba ka iya bambance su da ido. Bambancin sai a ƴaƴa. Zakara mai gado biyu, ko wace kaza ya taka, duk ƴaƴansa mata za su saka shuɗi ko kore. Zakara mai gado ɗaya in ya taka kazar gida, rabin ƴaƴan ne kawai za su gada, sauran rabin su dawo ƙwai na yau da kullum. Zakara kuma ba ya saka ƙwai balle ka gani da idonka. Wanda ya sayi zakaran Easter Egger don ya inganta kajin gidansa, cinikin biri a sama ya yi, sai bayan wata shida ko bakwai da ƙyanƙyasa zai san abin da ya saya.

Araucana

Ita ce uwar gayya, kuma ita ce mafi wahalar sha'ani. Sunan daga yankin Araucanía na kudancin Chile yake. Wani masanin kaji ɗan Sifaniya, Salvador Castelló, ya ga kajin a Chile a 1914, ya gabatar da labarinsu a babban taron kaji na duniya na farko da aka yi a birnin Hague a 1921. Ya ɗauka tsohon jinsi ne guda, ashe haɗi ne na kaji biyu na Mapuche: collonca marar wutsiya mai shuɗin ƙwai, da quetro mai tuntun gashi a gefen kunne. Ka ga ita kanta uwar gayyar da ruwa-biyu ta fara, kamar yadda kusan kowane jinsin kaza ya fara. Abin da ya raba ta da Easter Egger shi ne an zauna an tace ta har ta tsaya a siffa ɗaya, Amurka ta karɓe ta a 1976.

A ma'aunin Amurka Araucana ba ta da wutsiya kwata-kwata, tana da tuntun kunne da ƙaramin zanko mai layi uku. A Birtaniya kuwa akwai mai wutsiya da tukku a ka, har da mai launin toka-toka da George Malcolm ya samar a Sukotilan a shekarun 1930. Saboda haka kaza ɗaya tana iya zama Araucana ta gaske a Landan, a Amurka a ce ba ita ba ce.

Matsalar tana cikin tuntun kunnen. Ɗan tsakon da ya gaji wannan siffa daga uwa da uba duka yakan mutu cikin ƙwai ana dab da ƙyanƙyashewa. In ka haɗa masu tuntu biyu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƴan tsakin sun tafi tun kafin su ga rana. Rashin wutsiyar ma yana rage kamun ƙwai, har masu kiwo kan aske gashin bayan kajin don barbara ta yi kyau. Wannan ce ta sa take da tsada kuma manyan gidajen ƙyanƙyasa ba sa son ta. In ka ga ana tallar ƴan tsakin Araucana da yawa a farashi mai sauƙi, ka san akwai lauje cikin naɗi. Ba na ba sabon shiga shawarar farawa da ita.

Ameraucana, da ƴar uwarta ta bogi

An samar da Ameraucana a Amurka a shekarun 1970 don a riƙe shuɗin ƙwai a rabu da waccan matsala ta mutuwa a ƙwai, aka karɓe ta a 1984. Tana da wutsiya, tana da gemu da saje, zankonta ƙarami, ƙafarta ruwan toka mai duhu zuwa baƙi, ƙwanta shuɗi. An fara da launuka takwas da aka amince da su, ciki har da baƙa, fara, shuɗiya, ruwan azurfa da ruwan alkama. Wannan zancen launi shi ne makaminka a ciniki. Mai tsantsar Ameraucana zai gaya maka kai tsaye, baƙaƙe nake kiwo, ko masu ruwan alkama, kuma in ka leƙa akurkinsa za ka gan su kamar an buga su a inji ɗaya. Wanda ya ce maka suna zuwa kala-kala, kowace da irin adonta, Easter Egger yake sayarwa ko ya sani ko bai sani ba.

Sai ka lura da rubutun sunan. Americana ko Americauna ba jinsi ba ne. Harafi ɗaya ko biyu aka sauya don mai saye ya ji kamar Ameraucana, mai sayarwa kuma ya ce ai bai yi ƙarya ba. Kama da wane ba ta wane. Ƙafa mai launin kore-kore ma alama ce mai ƙarfi cewa an gauraya, domin tana fitowa ne in fatar kazar rawaya ce, alhali Ameraucana farar fata gare ta.

Easter Egger ita kanta

Bayan duk wannan, in mai gida ya tambaye ni wacce zai saya don yara su riƙa tsintar ƙwai masu ban sha'awa da safe, ita zan nuna masa. Ta fi araha nesa ba kusa ba. Gaurayen jini yakan ba ta ƙarfin jiki, kuma da yake gidajen ƙyanƙyasa ƙwai suke zaɓa ba ado ba, takan fi tsantsar ƴan uwanta yawan sakawa. Masu kiwo kan lissafa mata ƙwai 200 ko fiye a shekara. Yawancinsu suna da sanyin hali.

Abu ɗaya da ake yawan ruɗar mutane da shi: kaza ɗaya ba ta saka shuɗi yau, kore gobe. Launin da ta fara da shi, shi za ta yi har tsufanta, sai dai ya ɗan kode in ta daɗe tana sakawa, ya dawo bayan ta yi hutun zubar da gashi. Mai son kwando kala-kala sai ya sayi kaji da yawa, ya kuma shirya wa cewa wata cikinsu za ta ba shi ruwan ƙasa. Akwai ƴar dabara: a zuriyar Araucana gadon shuɗin ƙwai da na ƙaramin zanko maƙwabtan juna ne, sukan tafi tare. Cikin garken Easter Egger, budurwar kaza mai ƙaramin zanko ta fi mai dogon zanko yiwuwar saka shuɗi ko kore. Ba tabbas ba ne, amma ya fi zaɓen ido rufe.

Cream Legbar

Ga wadda na fi so a ba wa hankali, musamman ga mai son ya riƙa ƙyanƙyasar abinsa. Punnett ɗin nan da abokin aikinsa Michael Pease ne suka samar da ita a Kambirij, daga Leghorn da Plymouth Rock mai zane da kuma kajin da aka kawo daga Chile, Birtaniya ta amince da siffarta a 1958. Tsantsar jinsi ce, tana da ɗan tukku a ka da dogon zanko, ƙwanta shuɗi ne ko shuɗi mai ratsin kore. Babbar fa'idarta ita ce ranar da aka ƙyanƙyashe ta ake gane mace da namiji: macen tana da zane mai duhu a gadon baya da layi a gefen ido, namijin ya fi haske kuma yana da farin tabo babba a ka. Wannan siffa tana bin zuriya, ba ta ɓacewa. Duk wanda ya taɓa ciyar da ƴan tsaki wata uku sannan ya tarar rabinsu zakaru ne ya san darajar wannan. Aibinta shi ne jinin Leghorn: ba ta da nama sosai, tana da firgita da son tashi sama, kuma ba ta cika kwanci ba, sai ka tanadi injin ƙyanƙyasa ko kazar gida mai kwanci.

Olive Egger kuwa ba sai an daɗe a kanta ba. Ruwa-biyu ce da gangan: a haɗa mai shuɗin ƙwai da mai ƙwai ruwan ƙasa mai duhu, yawanci Marans ta Faransa ko Welsummer ta Holan. Zubin farko yakan ba da ruwan zaitun mai kyau, muddin ɓangaren shuɗin gado biyu ne. In ka haɗa ƴaƴan da junansu lissafi ya wargaje, kusan ɗaya cikin huɗu ta rasa shuɗin gaba ɗaya, sauran kuma kore ne mai haske da duhu barkatai. Ita Marans ɗin tsantsar jinsi ce, Faransawa har ma'aunin duhun ƙwai suka yi mata daga 1 zuwa 9, kuma ba sa karɓar ƙwan da bai kai 4 ba.

Abin da ya shafe mu a nan gida

Darasin ba baƙo ba ne ga mai kiwo a Kano ko Maraɗi. ISA Brown da ke cike gidajen gona ruwa-biyu ce ta kamfani, tana iya kai ƙwai 300 a shekara, amma wanda ya ƙyanƙyashe ƙwanta ya san ƴaƴan ba sa kamo uwar. Haka wanda ya sayi Noiler, ruwa-biyun da ake kiwo don nama da ƙwai, ya bar su suna hayayyafa a tsakar gida yakan ga girman yana raguwa zubi bayan zubi. Ba wanda ya ce waɗannan kajin banza ne, an dai san cewa in garke ya tsufa komawa ake yi a sayo sabbi. Easter Egger da Olive Egger haka ya kamata a ɗauke su, a kuma biya kuɗinsu a kan haka.

Sai zafi. Kaza ba ta gumi, ta haki da zanko da leɓa take rage zafin jiki. Ƙaramin zanko da gemun Ameraucana sun dace da ƙasar ƙanƙara, inda sanyi kan ƙone dogon zanko. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, Legbar mai dogon zanko da ƙaramin jiki ta fi dacewa a ganina, ko da yake kowacce sai da inuwa da ruwan sha mai sanyi. Baƙuwar kaza kuma ba ta da juriyar kazar gida, rigakafin cututtukan Newcastle da Gumboro wajibi ne, sannan a keɓe ta mako biyu zuwa huɗu kafin ta shiga garke. Mai tunanin yin odar kaji daga waje ya sani cewa Najeriya ta hana shigo da tsuntsaye masu rai barkatai, ƙwan ƙyanƙyasa ma sai da izinin hukuma, kuma ƙwan da ya sha jijjiga a hanya ya kwana biyu ba ya ƙyanƙyashewa yadda ake so.

Wata magana da za ka ji a bakin ƴan talla ita ce shuɗin ƙwai ya fi gina jiki ko ba shi da kitse mai toshe jijiya. An yi wannan yayin a Amurka a shekarun 1970, aka gwada aka ga ba haka ba ne. Launin ɓawo ba ya taɓa abin da ke ciki. Abin da kaza ta ci shi ke sauya launin gwaiduwa da ɗanɗano. In za ka sayar da ƙwan da tsada, sayar da shi a kan kyan gani, kuma ka fara gwada kasuwar da kaɗan, domin mai shayi da ke fasa kiret biyu kullum ba ruwansa da launin ɓawo.

A wurin ciniki

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka nemi ganin iyayen, uba da uwa, ka duba ko garken kamanninsu ɗaya. Ka nemi a nuna maka ƙwan a hasken rana, domin hoto a waya ana iya ƙara masa launi, in da hali a fasa ɗaya ka ga cikin ɓawon. Ka tambayi sunan launin kazar in an ce Ameraucana ce. Ka tambaya ko zakara ɗaya ne a akurkin ko kajin gauraye suke yawo, domin kaza tana iya riƙe maniyyin zakara mako biyu har zuwa uku, tsantsar uwa tana iya ba ka ruwa-biyun ɗa in wani zakaran ya riga ya taka ta. Tambayar da ta fi tona asiri ita ce: in na haɗa waɗannan biyun, wane launin ƙwai ƴaƴansu za su saka? Mai tsantsar jinsi zai amsa da kalma ɗaya. Mai ruwa-biyu na kirki zai ce maka ba zai iya yin alkawari ba, kuma irin wannan mutumin ana iya ciniki da shi a farashin ruwa-biyu.

In ƙwai kawai kake so kuma ba ka son caca, sayi budurwar kaza da ta riga ta fara sakawa, a ɗauko maka ƙwanta daga akurki kana tsaye. Za ta fi ɗan tsako tsada, amma ka huta da ciyarwar wata biyar ko shida kana jiran abin da ba ka san launinsa ba.